Begen Filin Wasa: Nazari a kan Kukan Wuraren Nishaɗin da Gidaje Suka Cinye

Masu iya magana sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Karin maganar ta daɗe, amma a ƴan shekarun nan ta sami sabon fage. A gidajen rediyo, a shafukan Facebook, da wuraren hira bayan sallar isha'i, wani irin zance ya yawaita har ya kusa zama nau'in adabi mai zaman kansa, da salonsa da ƙa'idojinsa. Mai zancen yakan fara da sunan wani wuri: gidan silima, ko dandalin unguwa, ko filin lilon da ake kai yara ranar salla. Sai ya lissafa abin da aka ci da abin da aka kalla a can. Daga nan ya rufe da cewa yau in an je wurin babu abin da za a gani sai gidaje da shaguna. Masu saurare su yi ajiyar zuciya, a ce Allah ya jiƙan mazan jiya, a watse.

Wannan nazari zai duba wannan kuka kamar yadda ake duba waƙa ko ƙagaggen labari, wato a tambayi abin da ya faɗa da abin da ya ɓoye. Akwai gaskiya a cikinsa, kuma gaskiya ce mai amfani ga garuruwan da ke bunƙasa irin su Dakwaro. Sai dai ba a isa gare ta sai an tace son zuciyar da ke tattare da ita.

Asalin kalma

Kalmar Faransanci ta nostalgie ba ta da tsufa can-can. Wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙiro ta a birnin Bal na ƙasar Suwis a shekarar 1688, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida, ɗaya mai nufin raɗaɗi. Cuta yake nufi, irin wadda ke kama mutumin da ya yi nesa da ƙasarsa har ya rame ya kwanta. Hausa kuwa tana da kalmomi biyu. Kewa ita ce jin rashin abin da aka saba da shi. Bege ya fi ta zurfi, shi ake yi wa masoyin da ya yi nisa, shi kuma sha'irai ke yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abin lura a nan shi ne, kalmar da aka ƙirƙira domin ciwon rashin gida, yau ita ake ɗauka a jefi gidaje da ita, ana zarginsu da cinye abin da ake bege. Mai kukan filin wasa dai yana da inda zai kwana. Magidancin da ya tara kuɗi shekara goma ya sayi ɗan fili a wurin, sau da yawa shi ne ke fama da ciwon na asali.

A littafinta na 2001, The Future of Nostalgia, manazarciya Svetlana Boym ta raba bege gida biyu. Akwai mai son a sake gina jiya tubali bisa tubali kamar ba abin da ya faru. Akwai kuma mai tsayawa ya yi tunani a kan abin da ya ɓata, da sanin cewa ba zai dawo ba. Da wannan ma'auni za a auna misalan da ke tafe.

Filaye biyu a Amurka

Misalin da ya fi bayyana yana Amurka, domin can ne filayen wasa na kuɗi suka fi yawa, can ne kuma aka fi rubuta tarihinsu. A kan wani tsauni da ke kallon birnin Niyok daga ƙetaren kogin Hudson, a jihar New Jersey, an yi wani filin wasa mai suna Palisades. Wani kamfanin taragon lantarki ne ya buɗe shi a 1898 domin ya riƙa samun fasinjoji a ranakun hutu. Da tafiya ta yi tafiya sai wurin ya cika da jiragen wasa masu hawa da gangarowa a guje, da manyan lilo masu juyawa, da dandamalin mawaƙa, da wani ƙaton tafkin ninkaya na ruwan gishiri wanda inji ke tada wa igiyar ruwa kamar teku. A 1962 mawaƙi Freddy Cannon ya yi waƙa da sunan wurin, ta zaga ƙasar. Ranar 12 ga Satumba 1971 aka rufe ƙofarsa rufewar ƙarshe. Cunkoson motoci ya gallabi maƙwabta, hukumomin garuruwan biyu da filin ya ratsa sun amince a yi dogayen benaye a wurin, mai shi kuma, Irving Rosenthal, ya tsufa. Ya sayar a kan fiye da dalar Amurka miliyan 12, aka rushe, aka gina benaye na zama.

Masu begen Palisades suna da wani labari da ba sa gajiya da shi. Wai akwai wata kafa a jikin shingen filin da yara marasa kuɗi ke kutsawa ta ciki, Rosenthal ya san da ita, ya kuma hana a toshe. Labari ne mai daɗi. Amma akwai wani da ba a cika haɗa shi da shi ba. A 1947 wata budurwa baƙar fata mai suna Melba Valle ta zo shiga tafkin, aka hana ta da hujjar cewa na ƴan ƙungiya ne kawai, alhali fararen fata na shiga da tikitinsu. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta CORE ta yi ta zanga-zanga a bakin ƙofa, ana duka ana kamu, kafin al'amarin ya sauya. Shinge ɗaya ne ya bar wa wasu kafa ya tare wasu. Begen da ya tuna kafar ya manta tafkin, rabin labari ya bayar.

A cikin birnin Niyok kansa, a yankin Bronx, an buɗe wani filin mai suna Freedomland a 1960, ya karye ya rufe a 1964. A kan filinsa aka gina unguwar Co-op City, mai gidaje fiye da 15,000, domin ma'aikata masu matsakaicin ƙarfi, inda dubun dubatar mutane suka sami matsuguni. Duk wanda ya ce a mayar da lilo can, wajibi ne ya faɗi inda waɗannan bayin Allah za su koma. Daga filayen nan biyu mai nazari zai fita da tambayoyi biyu da ya kamata a yi wa kowane irin wannan kuka: wa aka bari ya shiga wurin jiya, wa kuma ke kwana a wurin yau?

Gidajen siliman Kano

A ƙasar Hausa, abin da ya fi kama da waɗancan filaye, wato wurin nishaɗi mai katanga da ƙofa da tikiti, shi ne gidan silima. Manazarci Brian Larkin ya bi diddigin na Kano a littafinsa Signal and Noise na 2008. An buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin hukuncin Allah. Da aka buɗe Palace a cikin birni, a Jakara, a farkon shekarun 1950, masu zuwa kallo sun sha jifa. Duk da haka gidajen suka yawaita, irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado, finafinan Indiya suka shiga jinin samari. Yau da yawa daga cikinsu an rushe su ko an mayar da su wuraren kasuwanci. A Fagge, sunan Wapa ya tsira bayan silimar da ta ba shi, ya koma sunan kasuwar ƴan canji.

Masu begen waɗannan gidaje galibinsu maza ne da suka haura shekara hamsin, kuma zancensu na da daɗin saurare: hasken majigi a sararin dare, ihun ƴan kallo idan jarumi ya bayyana, tafiya gida a ƙasa ana maimaita waƙoƙin da ba a san ma'anarsu ba. Sai dai in an yi musu tambaya ta farko, amsar ba ta da daɗi. Macen da aka gani a silima a wancan zamani sunanta ya ɓaci. Yaron da aka kama a can ɗan iska ake ce masa, ya kuma sha bulala a gida. Dattijon da ke kukan silima yau, mahaifinsa ya dake shi saboda ita, shi ma kuma da wuya ya bar ƴarsa ta taka ƙofarta.

Hasali ma, abin da ya raunana silima tun kafin magina su iso shi ne kaset ɗin bidiyo. Daga Turmin Danya na 1990, fim ɗin Hausa ya shiga ɗakunan matan aure, waɗanda a da sai dai su ji labari a bakin ƙannensu. Wato ranar da aka ce kallo ya mutu, ranar ce rabin al'umma ya fara kallo. Amma kuma an yi rashi na gaske, kuma shi ne abin da mai bege ke lalube bai iya ambata ba. Silima wuri ce da ɗan dako da ɗan kasuwa, ɗan gari da baƙo, ke zama ƙarƙashin sama ɗaya su yi dariya lokaci ɗaya, ko da kujerunsu sun bambanta da farashi. Wayar hannu ta ba kowa allonsa, ba ta ba shi maƙwabci ba.

Yadda finafinai suka yi wannan kuka

Fasahar silima ta yi wa kanta makoki sau da yawa, kuma kwatanta makokin na koyar da abu. Mafi shahara shi ne Cinema Paradiso na Giuseppe Tornatore, fim ɗin Italiya na 1988 wanda ya ci lambar Oscar a 1990. Wani shahararren mai shirya finafinai ya koma ƙauyensu a Sisili domin jana'izar tsohon mai haska fim da ya rene shi, ya tarar za a rushe gidan silimar a yi wurin ajiye motoci. Fim ne da aka tsara da gwaninta, kiɗan Ennio Morricone kuma na sa hawaye. Rauninsa shi ne idon da ya ara wa mai kallo, idon wanda ya tafi ya yi arziki ya dawo. Mutanen da suka zauna a garin shekara talatin, da buƙatunsu na yau, sun zama adon bango. An kuma zaɓi wurin ajiye motoci ya gaji silimar, abin da ba wanda zai tausaya wa. Da gidajen talakawa aka ce za a gina, da hawayen bai zo da sauƙi haka ba.

Mahamat-Saleh Haroun na ƙasar Cadi ya bi wata hanya a Bye Bye Africa na 1999. Shi ma ɗan gari ne da ya dawo daga Faransa bayan rasuwar mahaifiyarsa, yana zagaya kufan gidajen siliman Injamena da kyamara a hannu. Sai dai bai wanke kansa ba. A cikin labarin akwai ƴar wasan da ta taɓa fitowa a fim ɗinsa a matsayin mai cutar sida, jama'a suka ɗauka gaske ne suka guje ta, rayuwarta ta lalace. Fim ɗin na tambayar wanda ya biya kuɗin nishaɗin da ake bege. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin gidajen, Normandie, an gyara shi an sake buɗewa a 2011, shekara guda bayan wani fim ɗin Haroun ya ci lambar alƙalai a bikin Cannes.

Mafi kusa da gida shi ne Al'lèèssi, une actrice africaine, na Rahmatou Keïta, wanda ya fito a 2004. Nijar ta taɓa zama kan gaba a silimar Afirka. Mustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, Oumarou Ganda kuma shi ya fara cin babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Keïta na da damar ta yi kukan wancan zamani ta hanyar nuna gine-ginen da suka mutu. Sai ta ɗora kyamararta a kan mutum, wato Zalika Souley, tauraruwar waɗancan finafinai, wadda ta sha zagi saboda rawar miyagun mata da ta taka, tana zaune a ƙaramin gida a Yamai cikin ƙuncin rayuwa. A nan zancen nishaɗi da zancen muhalli suka haɗu a jikin mace ɗaya. Wadda ta cika gidajen kallo da jama'a, ita ce ba ta sami gida na kirki ba. Zalika Souley ta rasu a 2021. A cikin finafinan nan uku, na Keïta ne ya fi cika sharaɗin bege mai tunani, domin ya bar mai kallo da bashi a wuyansa maimakon daɗin hawaye kawai.

Dandali da burtali

Mutumin Dakwaro na iya cewa duk wannan zancen birni ne. Garin da ya tashi a matsayin mazaunin hukuma a ƙarshen shekarun 1940, a bakin iyakar noma da kiwo, filin wasansa na asali bai da tikiti bai da katanga. Dandali ne. Can ƴammata ke gaɗa a farin wata, samari na langa, can ake kokawa bayan girbi, daga can yara ke tasowa da tashe a watan azumi. Da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya bayan 1974, a kan wannan tsohon tushe ta yi gini. Gasar kokawa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, daga irin waɗannan filaye ta samo ƴan wasanta. Dandali ya fi Palisades da Rex adalci ta fuska ɗaya: ba a tambayar kuɗi a bakinsa, kuma ƴan mata ne ma ke da rinjaye a cikinsa. Shi ma yana da nasa aibin, malamai sun daɗe suna sukar cakuɗuwar da ake yi a wurin, kuma ba talabijin kaɗai ta rage masa armashi ba, har da sauyin ra'ayin iyaye.

Matsin da ke kansa kuwa na lissafi ne. Ƙidayar 1977 ta sami ƴan Nijar miliyan 5 da ƴan kai, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Kowane saurayi da ya yi aure na buƙatar ɗaki. Hukumomin gari kuma sun daɗe da gane cewa yanka filaye a sayar hanya ce mai sauri ta samun kuɗin shiga. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta kai ga biyan ma'aikata bashin albashinsu da filayen gini. A Yamai, zoben itatuwan dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin, mai faɗin hekta fiye da 2,000, gine-gine sun ci wani babban sashe nasa. Idan dajin da gwamnati ta dasa da hannunta bai tsira ba, ina ga filin da ba shi da takarda, wanda masu shi yara ne?

Ga wannan tambaya, ƙasar Dakwaro na da amsa da ta koya da wahala a wani fagen. Manomi da makiyayi a kwarin Tarka sun san abin da ke faruwa idan kowane taƙi na ƙasa ya sami mai shi. Gona ta matsa kaɗan bana, ta ƙara matsawa baɗi, burtali ya tsuke, garke ya rasa hanya, rigima ta tashi. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da kundin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010, duk sun tsaya a kan fahimta ɗaya: akwai ƙasar da amfaninta ke cikin zamanta ta kowa, kuma irin wannan ƙasa ba ta kare kanta, sai an shata ta, an kafa mata turakun siminti, an sa hukuma ta tsare ta. Ba wanda ya ce a daina noma domin a tsare burtali. An dai ce gona ta san iyakarta.

Dandali burtalin yara ne. Taswirar sabuwar unguwa takan ware wurin makaranta da masallaci da kasuwa da filin jama'a. Na ƙarshen nan shi aka fi saurin sake yankawa, domin makaranta na da iyayen yara da za su yi ƙorafi, masallaci na da jama'arsa, kasuwa na da ƴan kasuwa, filin wasa kuwa masu amfani da shi ba su isa jefa ƙuri'a ba. Sakamakon a bayyane yake a kowane gari mai girma: yara na buga ƙwallo a kan hanya tsakanin babura, ƴammata na zaune a ɗaka, samari sun taru a bakin shago kowa da wayarsa.

Kammalawa

Begen filin wasa, a yadda aka saba yin sa, yana da aibi biyu. Yana ƙawata wuraren da suka ware wasu, yana kuma ɗora laifi a kan mai neman wurin kwana, wanda bai yi komai ba illa abin da kowane magidanci zai yi. Amma bai kamata a yi watsi da shi ba, domin shi ne kaɗai shaidar da ta rage cewa gari na buƙatar wurin da mutane ke haɗuwa ba don saye da sayarwa ba. Tsohon garin Hausa ya san haka. Kowane gida na da zaure, kowace unguwa na da dandali, ba a taɓa ganin ɗaya na gaba da ɗaya ba.

Abin da ake buƙata daga marubuta da mawaƙa da masu shirya fim shi ne su mayar da kukan nan tambaya, su kuma yi ta da wuri, lokacin da masu awo ke kafa turaku a bayan gari, ba bayan an zuba harsashin gini ba. Ina filin yara a wannan taswira? Nawa ne faɗinsa? Da sunan wa aka rubuta shi, wa kuma zai hana a sake yanka shi? Kwamitocin unguwa da ƙungiyoyin iyayen ɗalibai da majalisun gari na da hurumin yin waɗannan tambayoyi, kuma amsarsu ba ta buƙatar injin lilo ko tallafin waje, sai ƴan turaku da itatuwan inuwa da takarda mai hatimi.

Yaron da aka haifa bana a sabuwar unguwa a Dakwaro, in Allah ya ja kwanansa, wata rana zai zauna bayan isha'i ya ba ƴaƴansa labarin ƙuruciyarsa. Zai so ya fara da sunan wani wuri, kamar yadda masu bege suka saba. Ko zai sami sunan da zai ambata ko ba zai samu ba, a ofishin masu awon filaye ake yanke hukuncin yanzu.